Gyaran tsohon haikalin Hindu a ƙauyukan Tamil Nadu: me ya sa ake gudun siminti?

Tambaya: Jama'a, a kudancin Indiya mutanen ƙauye kan haɗa kuɗi su gyara haikalinsu, galibi duk shekara 12. Amma masana na hana siminti. Mene ne illarsa?

Magini: Malam, tsohon ginin da farar ƙasa aka yi shi, danshi na shiga yana fita. Siminti kuwa yana kulle ruwan a ciki, gishiri ya taru, tubali ya ruɓe. Kwaɓin da ya dace: farar ƙasa kashi 1, yashi kashi 2 zuwa 3, da ruwan mazarƙwaila da jiƙon 'ya'yan kadukkai (wata bishiya ce ta Indiya). A jiƙa farar ƙasar makonni tukuna, in ba haka ba yaɓen zai tsattsage.

Mai adana tarihi: Kada a goge dutsen haikalin da feshin yashi! Yana cinye rubutun zamanin sarakunan Chola (tsohuwar daular kudancin Indiya), inda aka rubuta kyautar gonaki da hukuncin majalisar gari. Ruwa da burushi mai laushi sun wadatar. Bishiyar da ta tsiro a hasumiya a cire ta da saiwa.

Injiniya: Kafin aiki, malaman addinin kan yi balalayam, wato su mayar da ibada wani wuri na wucin gadi. A kuma yashe tafkin haikalin, domin shi ke ciyar da rijiyoyin ƙauyen.