Ƙafa ko Mota: Wa Zai Fitar da Kai Ranar da Ruwa Ya Ci Gari?

Tsohon Soja: Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da la'asar adaidaita ta mace mana a Gadar Lado a nan Kano, muka sauka. Wani matashi da bai fi shekara 30 ba ya ce zai tako tare da ni zuwa Unguwa Uku. Wallahi ba mu yi minti 15 ba ya nemi dakali ya zauna yana haki kamar wanda kare ya koro. Ni da na ba 60 baya nake tsaye a kansa ina yi masa fifita. Shi ya sa nake cewa, duk magidancin da ba zai iya taka kilomita 20 a yini ɗaya da yaro a kafaɗa ba, bai shirya wa komai ba, ko da ya cika sito da shinkafa. Ranar masifa ƙafarka ce motarka. Wanda bai yarda ba ya fito.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Na fito, Yallaɓai. Kilomita 20 zuwa ina? Shekara 27 ina kan titi, abin da na ga yana fitar da mutum daga bala'i shi ne mai a tanki da tsabar kuɗi a aljihu. Ka tuna yaranmu ɗalibai da yaƙin Sudan ya rutsa da su a Khartoum a watan Afrilun 2023. Motocin bas aka ɗauko suka kai su iyakar Masar, tafiyar sama da kilomita 800 cikin hamada. Ko ɗan dambe ne ya ce zai taka wannan, ungulu ce za ta yi masa jana'iza.

Tsohon Soja: Direba, Sudan ɗin da ka ambata, Hausawan da ke can a bas suka je? Bayan yaƙin Burmi a 1903, da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, har suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Kogin Nilu. Ban da alhazan ƙafa da suka riƙa bin wannan hanya.

Kawu Direba: Shekaru suka yi a hanya, ranka ya daɗe. Su yada zango su yi noma, su yi ƙwadago, damina ta wuce su tashi. Da jakuna da takarkarai kuma. Waɗanda suka mutu a hanya ba su dawo sun ba mu labari ba.

Autan Zaure: Baba Soja, da girmamawa, wannan wa'azin na masu ƙoshi ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, talaka tattaki yake yi safe da yamma. Ni daga gida zuwa shago kusan awa guda nake yi a ƙasa, don kuɗin adaidaita ya fi ƙarfina. Idan tafiya ce shiri, to mun fi kowa shiri a ƙasar nan, amma kullum mu ne a sansanin gudun hijira.

Ɗan Gwange: Ban so na yi magana ba, amma tunda ni abin ya ci a jiki, bari na faɗa yadda na gani, kowa ya ɗauki nasa.

Daren Litinin wayewar Talata 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle. Kafin nan an yi kwanaki ruwan kogin Ngadda yana hawa, muna zuwa bakin gada muna kallo kamar wasa. Dattawa suna cewa haka aka yi a 1994, mu muna cewa ai gidanmu a tudu yake. Cikin dare matata ta tashe ni, na sauko da ƙafa daga gado na ji sanyi har idon sawu. Kafin mu tattara yara ya kai gwiwa.

Kawu Direba, ina da mota a lokacin, da mai fiye da rabin tanki. Tana tsakar gida. Na murɗa makulli sau biyu ta yi tari ta yi shiru. Ko ta tashi ma babu titi, duk lungun ya zama kogi.

Baba Soja, ina buga ƙwallo duk Asabar, ba ni da teɓa, kilomita 20 ɗinka zan iya. Amma nisan da muke buƙata bai kai kilomita 3 ba, kuma sai da rana ta ɗaga sosai muka kai. Hajiyata na da ciwon gwiwa, daga ɗaki zuwa banɗaki da sanda take zuwa. Na goya ta. Ban taɓa sanin tsohuwar da nake gani 'yar ƙarama tana da nauyi haka ba. Ruwa na tura ni ta gefe, ba na ganin inda nake sa ƙafa, silifas ɗina ya tafi tun a bakin ƙofa. Matata na goye da ɗaya, tana riƙe da ɗaya, babbar 'yarmu mai shekara 9 ta kama gefen rigata. Sau biyu na durƙusa da Hajiya a baya, tana cewa in sauke ta in tsira da yara.

Wanda ya cece mu mai ga-ruwan layinmu ne. Ya watsar da jarkokinsa, muka ɗora Hajiya a kan kurarsa, yana turawa ina tallafe da ita, har muka fita inda ruwa ya koma ƙwauri. Mutumin da nake tayawa ciniki a kan naira 20.

Anti Nas: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya kiyaye gaba. Ya jikin Hajiya yanzu?

Ɗan Gwange: Da sauƙi Anti, tana nan tare da mu a Kano. Ni ne na yi wata guda ina jinyar tafin ƙafa, kwalba ta yanke ni ban ma ji ba sai da muka fita.

Tsohon Soja: Allah Ya ƙara mata lafiya. To jama'a kun ji. Mota ta mutu a tsakar gida. Wa ya yi aiki? Mutumin da ke tura jarka goma mai lita 25 kullum, kilo 250 ke nan ban da nauyin kurar. Maganata ta fito.

Kawu Direba: Maganarka ba ta fito ba, Yallaɓai. Kura taya gare ta. Abin hawa ne ya fitar da Hajiya. Kuma da Ɗan Gwange ya sa iyalinsa a mota tun ranar Litinin da rana, da ba a kai ga goyo ba.

Ɗan Gwange: Wannan ta ƙarshen gaskiya ce Kawu, kuma ita ke hana ni barci har yau.

Maman 'Yan Biyu: Ina ta karantawa ina jira wani ya tuna da mu, shiru. Baba Soja, lissafinka na namiji ne shi kaɗai da sandarsa. Ƙaddara abin ya zo ƙarfe 11 na safe. Maigida na kasuwar Kwari, babu sabis. Ni ce a gida da 'yan biyu masu shekara 2, da mai shekara 5, da surukata da ba ta gani sosai. Bayana ɗaya ne. Ko maigida na iya taka Kano zuwa Wudil ya dawo, me ya ƙare ni da shi?

Kuma a ina ake so mu koyi tafiyar? Ran da na ce zan riƙa zagaya unguwa bayan Asuba ni da maƙwabciyata, ce min aka yi me mutane za su ce. Daga ɗaki sai kicin, sai adaidaita ta ɗauke ki a ƙofar gida ta ajiye ki a ƙofar gidan biki. Shekara 10 a haka, sannan ranar gudu a ce mata ne ke ja da baya. Ƙanwar babata a ƙauye tana kai tallan fura kasuwar da ke nesa da su ta dawo, ta girme ni da shekara 20, amma ban isa na jera da ita ba.

Autan Zaure: Maman 'Yan Biyu ta kashe bakin kowa.

Tsohon Soja: Ba ta kashe nawa ba, ta ƙara min hujja ne. A bar mata su taka. A bariki ma ba a auna tafiyar ayari da na gaba, da na ƙarshe ake aunawa. Na yarda da wannan. Amma dole a samu mai ƙarfin da zai ɗauki na ƙarshen.

Anti Nas: To bari na sa baki a matsayina na wadda ke ganin ƙafafun mutane bayan an gama jarumta.

Na farko, Baba, don Allah kada wani mai hawan jini ko mai ciwon suga a zauren nan ya karanta maganarka ya tashi gobe ya ce zai yi kilomita 20 a ranar Kano. Za mu karɓe shi a gadon asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a mako ga babba, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka yi gumi amma kana iya magana. Minti 30 sau biyar ke nan. A fara da 10 in ba a saba ba, da sanyin safiya, a ƙara a hankali. Mai ciwon suga kuma ya duba tafin ƙafarsa duk dare, don bororo ɗaya da bai ji zafinsa ba yana iya zama gyambo.

Abin da ya fi damuna shi ne mai ƙarfi ya fi kowa ganganci da ruwa. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da ƙato. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, Kawu Direba kai ma ka ji. Ga lambatu a buɗe da ba ka gani, ga wayar wuta, ga masai da ya fashe. A Maiduguri har gidan namun daji na Sanda Kyarimi ruwa ya shiga, aka yi ta gargaɗin macizai da kadoji. Bayan ruwa ya ja kuma kwalara ta biyo. Wannan ba ta tambayar ko kana atisaye. Haɗin ruwan gishiri da sukari na mai gudawa shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mutum nawa ne a nan suka haddace wannan?

Kawu Direba: Ni dai yanzu na rubuta.

Na'ibin Liman: Salamu alaikum. Na ga wasu sun turo min a gefe wai duk wannan rashin tawakkali ne, abin da zai same ka ba zai kuskure maka ba. Gaskiya ne ba zai kuskure ba, amma wanda ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kuma ku dubi Hijira. Sayyidina Abubakar ya yi wata 4 yana kiwon raƙuma biyu saboda wannan tafiya. An ɗauki ɗan jagora da ya san hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Nana Asma'u ta haɗa guzuri. Aka fara yin kudu zuwa kogon Sauru alhali Madina na arewa, aka yi kwana 3 a ciki. Da abin hawa, da guzuri, da sanin hanya, da juriyar hawa dutse, babu wanda aka bari. Soja da Direba kowa ya kama ƙafa ɗaya ta raƙumi yana cewa ita ce raƙumin.

Tsohon Soja: Allah gafarta Malam, na karɓa. Amma a bar ni da ƙafata. A watan Janairun 2015 da 'yan Boko Haram suka shiga Baga, wasu sun samu kwalekwale zuwa Chadi, wasu daji suka faɗa. Tsakanin Baga da Maiduguri kusan kilomita 200 ne. Na ga waɗanda suka iso da ƙafafu a kumbure kamar an hura. Babu mai a tanki a wannan ranar, babu gargaɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Autan Zaure: Su ma manoma ne da masunta Baba, ƙarfi ba su rasa ba. Tsaro suka rasa. Ina tsoron irin wannan magana ta sa a sauke wa hukuma nauyi a ɗora wa mai tumbi. Madatsar Alau ba don mutanen unguwar Gwange ba sa motsa jiki ta fashe ba.

Tsohon Soja: Auta, ka je ka yi ƙarar hukuma, ina bayanka. Amma ruwa ba ya jiran a yanke hukunci.

Maman 'Yan Biyu: To tunda haka ne a gwada mana. Ba kilomita 20 ba. Kowane gida ya fito da kowa da kowa, har tsofaffi, a ga minti nawa za mu yi daga layinmu zuwa filin makarantar firamare da ke kan tudu. Ni ina so na ga wa zai ɗauki Hassan wa zai ɗauki Husaini, wa zai riƙe hannun Inna.

Ɗan Gwange: Ina ciki. Kowa ya sa takardun gida da katin asibiti da maganin tsofaffi a leda ya ƙulle ya zo da su, a ji nauyinsu. Kuma don Allah ban da silifas. Kambas mai igiya, ko na gwanjo ne.

Tsohon Soja: Asabar bayan sallar Asuba, a ƙofar masallaci. Idan an kai mata da yara filin makaranta, mazan da suka isa su biyo ni mu hau Dala mu sauko. Maganar 20 ɗina tana nan, ban janye ba.

Anti Nas: Zan zo da abin awon jini. Wanda na ga nasa ya hau, ba zai bi Baba Dala ba ko zai yi fushi.

Kawu Direba: Ni zan biyo ku a baya da mota a hankali, saboda waɗanda za su sare.

Tsohon Soja: Direba, ka ajiye motar nan a gida.

Kawu Direba: Gwiwa, Yallaɓai. Shekara 27 ina taka kuloci.

Maman 'Yan Biyu: A gaya wa mai ga-ruwan layinmu ma ya zo da kurarsa, Inna ta ce ba za ta hau bayan kowa ba.