Fosdok a fannin fiziks na matsi mai tsanani, ta ina mutum zai shiga?

Abban_Sadiq:
Salam jama'a. Na gama digiri na uku a fiziks, ina koyarwa a nan Bauchi, aikina duk lissafin DFT ne, wato lissafo halayen abu daga yadda elektron ɗinsa suke, da manhajar Quantum ESPRESSO a laftof. Kwanan nan ina ta ganin tallar fosdok, wato aikin bincike bayan digiri na uku, ta masu matse abu su ga yadda zai rikiɗe, wasu mai lissafi suke nema wasu mai aikin lab, ni kuwa ko a ido ban taɓa ganin na'urar daimon ɗin da ake matse abun da ita ba. Dan Allah in cike ko ɓata lokaci ne?

Dakta_Kumo:
Cike kawai Malam, ai kai suke nema. Duba labarin H3S, haɗin haidurojin da sulfur, ƴan jami'ar Jilin ta Chana ne suka fara hasashensa a kwamfuta a 2014, sai 2015 ƙungiyar Eremets a Mainz ta Jamus ta auna ta ga yana wuce da lantarki ba turjiya a 203 K (wajen digiri 70 ƙasa da sifili a Celsius), matsi wajen 155 GPa (kusan ninki miliyan ɗaya da rabi na matsin iskar da muke ciki). LaH10, haɗin lanthanum da haidurojin, ma haka aka yi, lissafi ya riga, awo ya biyo baya a 2019 da kusan 250 K. Amma fa DFT zalla ba za ta kai ka ba, ka koyi farautar tsarin kiristal da manhajar USPEX ko CALYPSO da lissafin fonon, wato girgizar atom a cikin kiristal, kuma laftof ba za ta ɗauki wannan ba ko da NEPA ta yi maka adalci, sai babbar kwamfuta. Nemi shiga ASESMA, horon irin wannan lissafin da ake yi don Afirka, ka riƙa leƙa shafin ICTP, cibiyar fiziks ta Trieste a Italiya, a can ake haɗuwa da masu manyan kwamfutocin.

Maman_Hanifa:
Dakta ya faɗi gaskiya amma ya sauƙaƙa abin da yawa. Ni ƴar Gombe ce, ɓangaren lab nake a Jamus. Daimon biyu ne ake haɗa tsininsu, a tsakiya ga ɗan faifan ƙarfen rhenium da aka huda, ramin wani lokaci bai kai kaurin gashi ba, a ciki za ka ɗora samfur da bakin allura kana leƙen madubin ƙara girma kana riƙe numfashi, ka sa ɗan ɓurɓushin yakutu wanda haskensa ke nuna maka matsin in an haska masa leza. Kana ɗaure sukurori a hankali sai ka ji ƙas, daimon ya fashe, aikin sati biyu ya tafi. Da wannan ɗan abin da ke zama a tafin hannu ake kaiwa matsin tsakiyar duniya, wajen 360 GPa. Sannan ka jira a ba ku ƴan kwanaki a PETRA III na Hamburg ko ESRF na Grenoble, manyan injinan hasken X-ray da ake duba samfurin da su, dare da rana ba barci, Afirka dai har yau ba mu da irin wannan injin ko ɗaya. To kar ka rubuta ka iya abin da hannunka bai taɓa ba, ranar farko za a gane.

Abban_Sadiq:
Na gode Hajiya, jikina ya ɗan yi sanyi wlh. Kuɗin fa, wa ke biya?

Maman_Hanifa:
Wanda aka tallata albashi ne daga kuɗin binciken farfesan. Ko ka nemi tallafin bincike na Georg Forster na gidauniyar Humboldt ta Jamus, don ƙasashe irin namu aka yi shi, sai dai dole ka fara samun wanda zai karɓe ka. Ɗauko takardar wani mai awo da sakamakonsa bai gama fassaruwa ba, ka yi lissafinka a kai, ka tura masa jadawalin tare da imel ɗin.

Dakta_Kumo:
Ka duba cibiyar binciken matsi ta HPSTAR a Chana da jami'ar Bayreuth ta Jamus ma, duk suna haɗa lissafi da aikin lab. Turo min CV ɗinka in gani kafin ka aika.