Neman kalma: me za mu kira abin da ya mayar da Zuhura tanderu?

Jama'a, assalamu alaikum. Jiya ina shirya darasi na ci karo da "greenhouse effect" an fassara shi "tasirin koren gida". Wane gida? Wa ya yi masa koren fenti? Na kawo maganar nan, kun yi ta jefo shawarwari, to ga inda na tsaya.

Mu fara da abin da muke nema wa suna. Makyuri ce duniyar da ta fi kusa da rana, tazarar kilomita miliyan 58. Zuhura, wadda kakanninmu ke kira Zara matar wata, tana can kilomita miliyan 108. Hankali zai ce wanda ya fi kusa da murhu shi ya fi jin wuta. Amma Makyuri da tsakar rana takan kai digiri 430 a ma'aunin Salshiyas, dare na yi ta faɗi zuwa 180 ƙasa da sifiri. Ita kuwa Zuhura tana nan kusan 465, dare da rana. Dalma tana narkewa tun a 327. Na'urar Venera 13 da Tarayyar Sobiyat ta saukar a can a 1982 minti 127 ta yi tana aiko da bayani, sai ta yi shiru.

Abin da ya fi ɗaure kai: gajimaren Zuhura yana mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken rana, shi ya sa take ƙyalli haka da magariba ko da asuba. Wato ba yawan abin da take karɓa ba ne, rashin sakinsa ne. Sama da kashi 96 cikin ɗari na iskarta iskar kabon ce, nauyinta kuma ya ninka na tamu sau 90 da ɗoriya. Haske ya ratsa ya shiga, ƙasa ta yi zafi, zafin ya taso zai fita, iskar ta tare shi ta maido.

Malam na Zariya, Allah ya ƙara ilimi, ka ce ai muna da "ɗumamar yanayi". Muna da ita, amma sunan sakamako ce, mu kuwa sanadi muke nema wa suna. Kuma sanadin nan ba cuta ba ne a karan kansa: ba don shi ba da matsakaicin zafin duniyarmu yana wajen digiri 18 ƙasa da sifiri, maimakon 15 da muke ciki. In muka haɗa su a kalma ɗaya, ɗalibi zai ɗauka duk masifa ce.

Wani ƙanena ya ce "zafin mota", don kowa ya san motar da aka bari a rana gilashi a rufe cikin watan Afrilu. Na yi dariya, amma a nan Turawan ma suka yi tuntuɓe. Ɗakin gilashin da suke rainon shuka a ciki, wanda shi ne "greenhouse" ɗin da suka aro sunansa, yana yin zafi ne galibi don an hana iska mai ɗumi tashi ta fice, ba don gilashi na aikin iskar kabon ba. Sunan nasu ma bai zauna daidai ba, don me za mu yi dakonsa?

"Tarkon zafi" ta yi daɗin faɗa. Sai dai abin da ya faɗa tarko ba ya fita, zafin nan kuwa yana fita, jinkiri yake samu. "Bargon iska" ta fi kusa, don bargo ba ya haifar da ɗumi, naka yake tsare maka. Amma rana ba ta ratsa bargo. Kular abinci da Hajiya ta kawo misali da ita ma haka.

Wadda ta kwanta mini ita ce ta wata 'yar'uwa daga Damagaram: riƙon zafi. Ta ce mu tuna daren hunturu, iska a bushe ƙarau, da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko kamar an buɗe ƙofa. Sannan mu tuna daren da hadari ya haɗu bai zubar ba, ana kwance a tsakar gida ana fifita. Laima da gajimare ne suka riƙe zafin yini. Gaskiyarta, tururin ruwa yana cikin manyan iskokin da ke wannan aiki. Kuma riƙo a Hausa ba mallaka ba ne. Mai riƙon ƙwarya ma wata rana zai miƙa.

Na gwada ta a jimla. "Makyuri ba ta da iskar kirki, shi ya sa ba ta da riƙon zafi." "Ƙona gawayi da fetur yana ƙara iskoki masu riƙe zafi." Ta zauna, ba sai an yi dogon bayani ba. Wani ya ce ai mai riƙo shi ne wanda ba ya yafiya. To, Zuhura ai ba ta yafe ko digiri ɗaya ba.

Saura guda. Masana na ganin in zafi ya kai wani matsayi, ruwa zai yi ta zama tururi, tururin ya ƙara riƙo, riƙon ya ƙafar da sauran ruwan, har teku ta ƙare, kuma suna zaton irin haka ya faru da Zuhura. Turawa suna ce wa wannan "runaway". Ina da "gagararren riƙon zafi", amma tana yi mini nauyi a baki. Mutanen Sakkwato da Maraɗi, doki in ya ƙwace linzami me kuke ce masa?