Gasket ɗin kan inji ya ƙi riƙe ruwa, a busasshe ake sa shi ko da gam?

Assalamu alaikum, masu gyaran injin jirgin ruwa. Ina Yauri, ina ɗaukar fasinja da kaya a kogin Neja da Yamaha Enduro 40, mai silinda 2. Yashi ya cinye robar famfon ruwa ban lura ba, inji ya yi zafi har gasket ɗin kai, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone.

Na canza robar, na sayo gasket na kasuwa mai araha, na shafa masa jan gam na silikon ciki da baya kamar yadda na ga ana yi wa babur. Kwana 3 ya yi. Fitsarin injin, wato ruwan sanyaya inji da yake fesowa waje, ya koma ɗiga-ɗiga, da na kwance sai ga gam ya matso ya toshe hanyar ruwa. Laifina ne, na cika hannu.

Karo na biyu na kankare fuskar tas, na goga kan injin a kan gilashi da sanfefa, na sa sabon gasket babu gam. Na ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, amma da sufana ta hannu, don ba ni da mai auna ƙarfin ɗauri. Yanzu yana tashi lafiya, sai ya ɗumama ya fara tsallake wuta. Fulogin ƙasa yana fitowa a jiƙe da ɗigon ruwa, na sama kuwa ƙalau.

Na yi odar gasket na kamfani daga Kano, kuma ba na son in lalata na uku. Don Allah, a wannan injin gasket na kamfani a busasshe ake ɗaure shi, ko akwai wani siririn gam da ake shafawa?