Neman shawara: na samu gangar jikin jirgin sama, ina so in mayar da ita gida

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah a ɗauki maganar da muhimmanci. Sana'ata sayen tsofaffin ƙarafa. Makon jiya wani abokin harka ya kai ni na ga gangar jikin wani tsohon jirgin fasinja da za a yayyanka a sayar a kilo. An cire injuna da kujeru, amma tagogi da ƙofofi suna nan, har ma'ajiyar kaya ta sama. Da na tsaya a tsakiya, hasken la'asar na shigowa ta ƙananan tagogin nan a jere, wallahi sai na ji ba zan iya sa masa wuta ba. Ina da fili a bayan gari, hanyar Gwarzo. Tunanina in kai shi can in gyara, mu tare da iyali, mata ɗaya da yara huɗu. Na ga bidiyon wani Bature da yake zaune a jirgi cikin daji. Wanda ya san kan abin ya faɗa mini gaskiya.

Injiniya Abban Sadik:
Wa alaikumus salam. Ina jin Bruce Campbell ka gani, wani injiniyan lantarki a Hillsboro, jihar Oregon ta Amurka. Ya sayi Boeing 727 a 1999 kan dala 100,000, tsohon jirgin kamfanin Olympic na ƙasar Girka. Amma ga inda gizo ke saƙar: ɗauko shi da girke shi da gyara sun ci masa wajen dala 120,000, sun fi kuɗin jirgin. Haka wata mata a jihar Mississippi, dala 2,000 ta sayi nata, gyara kuwa ya haura dala 20,000. Ta yi 'yan shekaru a ciki, ranar da aka zo sauya masa wuri a 1999 ya zame daga kan mota ya lalace.

Abin sha'awa ba a musunsa. Jikin jirgi an ƙera shi ya jure iska da matsi a sararin sama, ba ya yoyo idan an kula da shi, gara ba ta cin sa. Sai dai Campbell shi kaɗai yake zaune, cikin inuwar bishiyoyi, a ƙasa mai sanyi da ruwan sama. Kai kuma Kano kake, inda zafin watan Afrilu ke wuce maki 40. Jikinsa ƙarfen gorar ruwa ne, wato alminiyom, kuma tagogin fasinja ba sa buɗuwa ko ɗaya. Idan ba ka da sola mai ƙarfin riƙe na'urar sanyaya ɗaki wuni guda, da azahar tanda za ka shiga.

Maman Ummi:
Baban Hanifa, ka faɗa wa uwargida kuwa? Faɗin cikin irin wannan jirgi bai kai mita 4 ba, dogon lungu ne kawai. Ina za ta hura gawayi? Ina shanya, ina wanke-wanke? Ranar suna ko rasuwa ina mata za su zauna? Gidan da ba tsakar gida mace ce ke shan wahalarsa, kai ka fita kasuwa tun safe. Ga matakala ga yara ƙanana. Ga 'yan kallo, don na tabbata kullum sai an yi dandazo a ƙofarku ana ɗaukar hoto.

Oga Mai Tirela:
Maigida, ni ta fannina zan yi magana. Kafin ka biya ko sisi, ka bi hanyar da ƙafarka daga inda jirgin yake har filinka. Ka duba wayoyin lantarki, gadar sama, kwanar shataletale. Sai an kwance fukafukai da jela, a samo kuren, wato motar ɗaga kaya masu nauyi, ta ɗora, wata ta sauke. Idan aka raba gangar biyu kuma, haɗa ta ba aikin mai waldan bakin titi ba ne. Sannan sai ka zuba ginshiƙan kankare ka ɗaure shi tamau, saboda guguwar farkon damina.

Alhaji Kawu:
Ɗana, ban ga laifinka ba, mai sana'a ne kaɗai ke jin tausayin ƙarfe. Ni dai a ce ka raba abin biyu: gida daban, jirgi daban. A Akara ta Ghana an mayar da tsohon jirgin DC-10 na kamfanin Ghana Airways gidan cin abinci a kusa da filin jirgi, na ci abinci a ciki. Can 'yan kallon da Maman Ummi take tsoro su ne masu kawo kuɗi. Ka karɓi takardar cinikin daga hannun mai jirgin na ainihi, kuma ka leƙa ofishin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka ji ko za su yarda a girke shi a filin.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Ummi, gaskiya ban faɗa mata ba tukuna, yau da daddare zan yi. Kawu, maganarka ta shige ni. Oga, na turo maka saƙo, in kana da sarari ranar Asabar mu je ka auna mini tsawonsa mu bi hanyar tare, don mai shi ya ba ni mako biyu kafin masu yanka su zo.