Abokin harkata zai kai ni cin dim sum a Guangzhou, me zan ci me zan bari?

ɗan_kwantena:
Assalamu alaikum jama'a. Ina Guangzhou ta ƙasar China na zo kasuwar baje koli ta Canton Fair ta Oktoba, kwana 6 kenan ban ci komai ba sai taliyar Lanzhou a unguwar Xiaobei, safe da dare har ta fara fita min a rai. To yau mai masana'antar da nake sayen kaya a wajensa ya ce lahadi da safe zai kai ni "yum cha", wai dim sum za mu ci, kuma mutumin ya yi min kirki sosai bana son na ce masa a'a. Matsalata ita ce alade. Waɗanda suka saba zuwa don Allah wanne ake ci wanne ake bari, kuma akwai wata al'ada da zan kiyaye kar na kunyata kaina?

mai_yadi88:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Yum cha ɗin ma'anarsa shan shayi, dim sum kuma su ne ƴan ƙananan abincin da ake kawowa cikin kwandunan gora a turare, guda uku ko huɗu a kowane kwando, kowa ya sa hannu. Amma gaskiya abincin mutanen Canton, wato yankin Guangzhou ɗin, alade ne ƙashin bayansa. Char siu bao burodi ne mai laushi da gasasshen alade a ciki, siu mai alade ne da jatan lande, lo mai gai shinkafa ce a naɗe cikin ganyen bado ana cewa kaza ce amma kusan kullum da tsiran aladensu a ciki. Waɗannan kar ma ka kalle su. Ni dai har gow nake ci, wannan mai fata sharara da ake hango jatan lande ta ciki, sai cheung fun (naɗin ƙullun shinkafa da aka turara) mara nama da ganyen gai lan, shikenan.

Hajiyar_Sanyuanli:
A'a mai yadi, kar ka jefa bawan Allah. Har gow ɗin nan da kake ci da yawan masu dafa shi suna cuɗa jatan landen da kitsen alade don ya yi maiƙo, haka dan tat ɗin ƙwai da ake ci a ƙarshe, ɓawonsa sau da yawa da man alade ake kwaɓa shi, ga giyar Shaoxing da suke zubawa a girki kamar ruwa. Ni ma shekaru na yi ina cewa ma'aikaciya "ba alade" tana gyaɗa min kai, ashe ita a wajenta tsokar nama nake nufi, mai da romo ba sa cikin lissafi, ba ƙarya take min ba fahimtar ce ta bambanta. Ƙafar kaza ma da suke kira fung zao ai ba ka san wa ya yanka kazar ba.

Alhaji abu mafi sauƙi ka gaya wa mutumin naka tun yau cewa "qingzhen" kake ci, ga yadda ake rubuta shi ka ajiye a waya: 清真, wato halal. Ba zai ji haushi ba wallahi, sun san Musulmi, garin da masallacin Huaisheng yake ai ba baƙon abu ba ne. Akwai Huimin Fandian a titin Zhongshan na 6, ba nisa da masallacin, girkin Canton ne sak amma da naman sa da kaza da rago, sai ka ci siu mai hankalinka kwance.

mai_yadi88:
Innalillahi Hajiya kin ɓata min har gow 😭 to ai shikenan.

injiniya_HK:
Maganar Hajiya ce daidai. In ka samu tsallakowa Hong Kong, jirgin ƙasa mai gudu bai cika awa ɗaya ba, akwai kantin cin abinci a hawa na 5 na Masallacin Ammar a Wan Chai, dim sum ɗinsu duk halal ne, sai dai ka zo da wuri don ranar hutu cika yake yi.

Batun al'ada kuma. Za su kawo ruwan zafi ko shayin farko da wata roba, kar ka sha, kofi da kwano da tsinken cin abinci ake ɗaurayewa a zubar a robar. In an zuba maka shayi ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ce. In kai ka ɗau buta ka fara zuba wa na kusa da kai kafin kofinka, in ta ƙare ka ɗan buɗe murfin ka bar shi a karkace za su zo su ƙara ruwa. Kar ka soke tsinken a tsaye cikin shinkafa, yana musu kama da turaren da suke kunna wa matattu. Shayi ni pu'er nake zaɓa, baƙi ne yana yanke maiƙo. Kuɗi kuma tunda shi ya gayyace ka shi zai biya, ka ɗan yi yunƙurin ciro waya ya hana ka, kar ka matsa.

ɗan_kwantena:
Allah ya saka da alheri. Na tura masa rubutun nan ta WeChat ya ce ba matsala ya san wajen, ƙarfe 9 zai zo ya ɗauke ni. Saura tsinken, jiya na gwada da gyaɗa a ɗaki guda ɗaya ban iya ɗagawa ba, in na nemi cokali mai yatsu za su ba ni kuwa?