Wai Enterprise ya shekara 50 a teku bai taɓa shan mai ba?

Mai Shago: Jama'a kun san wancan ƙaton jirgin ruwan yaƙin Amurka mai ɗaukar jiragen sama, Enterprise? Tun 1961 da ya fara aiki har 2012 da aka ajiye shi ko sau ɗaya bai sha mai ba wlh, saboda da nukiliya yake tafiya

Injiniya: A'a Alhaji, maganar nan an ƙara mata gishiri. Injinan nukiliya takwas ne a cikinsa kuma yuraniyom ɗin da suke ci yana ƙarewa, sai an kai shi ma'aikatar jirage ta Newport News an buɗe cikinsa an zuba sabo, na ƙarshen ma tun 1990 yake can a ɗaure sai 1994 ya fito

Mai Shago: Toh ai a 1964 duniya ya zagaye gaba ɗaya shi da wasu jiragen ruwan yaƙi biyu masu nukiliya, Long Beach da Bainbridge, kwana 65 ba su tsaya shan komai ba, wannan fa?

Injiniya: Wannan gaskiya ne ban musa ba, amma kwana 65 daban shekara 50 daban, kuma yana dawowa daga wannan tafiyar aka shigar da shi aka sake masa makamashi karo na farko

Malama: Ni abin da nake ga kuna mantawa jiragen saman da ke kansa ai ba da nukiliya suke tashi ba, mai suke sha sosai, ga abincin dubban mutane ga bama-bamai, dole wasu jiragen su riƙa kawo masa kaya a tsakiyar teku. Kuma man nan da makaman su suka jawo gobarar Janairun 1969 kusa da Hawai, roka ɗaya ta yi zafi ta fashe wuta ta bi jirage, mutum 28 suka mutu. Raina yana ɓaci idan ana ta yabon ƙarfen ana manta da mutanen

Mai Shago: Gsky Malama ban san da gobarar ba. Amma dai ku yarda ya yi aiki, rikicin Kuba na 1962 yana wurin, Biyetnam yana wurin, har Afganistan a 2001

Ɗan Autan Gida: Yaya in dai ya yi kyau haka me yasa shi kaɗai aka ƙera? Shida fa aka tsara tun farko, tsada ta hana, har suka koma ƙera masu shan mai irin su Kennedy

Injiniya: Sun koma na ɗan lokaci ne ƙanina, Nimitz da ya fito a 1975 nukiliya ne kuma injin biyu kacal ya ishe shi maimakon takwas, daga nan ba su sake ƙera mai shan mai ba

Mai Shago: Toh na janye ta shekara 50 ɗin, amma ta kwana 65 ina nan a kanta